Goran Kawu a Ruwan Misfala

Kawu ya koma ga Mai shi da hantsin wata Talata. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu tattara. Kafin azahar an yi masa wanka, an kai shi Harami an sallace shi, an wuce da shi makwancinsa. Da la'asar muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar sandaƙarsa, ɗakin nan na kwano da katakon akwati irin wanda yawancinmu Hausawan unguwar Misfala ta Makka muke kwana a ciki, muka fara karɓar gaisuwa.

Tsofaffin 'yan ga-ruwa, abokan sana'arsa, su suka fara zuwa. Suka jeru jikin bango da kafaɗunsu da sanda ta cinye, ba wanda ya yi dogon surutu. Ɗaya daga cikinsu ya dubi sama ya ce, "To, yanzu wa zai ce mana ruwa ya kwanta?"  Inna, mahaifiyata, wadda ita ce ƙanwar Kawu, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta shiga kurya ta zauna tana tsince shinkafar da an riga an tsince. Balaraben nan mai kanti a bakin layi ya zo ya dafa kafaɗata, ya yi addu'a da harshensa, ya tafi. Waɗannan duk na karɓi gaisuwarsu hannu biyu.

Sai kuma masu baki suka iso. Mutanen da Kawu ya yi watanni a kwance ba su leƙo ba, su ne suka cika tabarma suna girgiza kai. "Allah sarki, tsoho mai haƙuri." "Bai taɓa faɗa da kowa ba." Ka ji fa! Kawun? Mutumin da babu gida a layinmu da bai tsaya a ƙofarsa ya faɗi abin da ke ransa ba? Ƙarya ce suke shirga wa mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, don tsoho mai haƙuri ya fi daɗin mantawa.

Wanda ya fi kowa kuka kuwa shi ne surukinsa, mijin 'yarsa tilo, wanda duk unguwa ke kira mai lambu. Ya zo da farar riga mai guga da ɗan ƙyalle na share ido, ya sa aka kawo farantan shinkafa da butocin gahawa, ya zauna a inda kowa zai gan shi yana jan majina. Wallahi ko loma ɗaya ban ci ba.  A wurin na ɗauri niyyar sai na rubuta wane ne Kawu, kafin masu shinkafa su mayar da shi wani mutum dabam.

Kawu Basarke ne daga bakin kogin Yawuri, masunci ɗan masunta. Ya taso daga can shi da Inna a ƙafa, suka yi shekaru a hanya, suna noma wa mutane auduga a Sudan har suka tara abin tsallaka teku. Ni a nan aka haife ni, ban taɓa ganin kogi ba, kuma bai taɓa yafe mini wannan ba. "Ɗan tudu" yake ce mini har na yi gemu, har na buɗe shagon ɗinki, har na aurar da 'ya. A bakinsa babu zagin da ya fi wannan. Duk wanda ya ɓata masa rai, malami ne ko attajiri, sai ya ja tsaki ya ce, "Ɗan tudu ne, mi ya sani?"

Da ya iso Makka bai sami sana'ar da ta dace da shi ba sai ga-ruwa. Gwangwani biyu na kananzir a rataye jikin sanda, daga wurin ɗiba zuwa gidajen mutane, hawa da gangara, rana na dukan ƙeya. Yakan ce, "A gida ruwa ke ɗaukata, a nan ni ke ɗaukar ruwa." Ba da wasa yake faɗa ba, da ciwo yake faɗa.

Akwai wata tsohuwa makauniya a bayan layinmu, wadda mijinta ya mutu a hanyar Madina, ba ta da kowa. Kullum safiya ita ce farkon wadda Kawu ke cika wa tulu, bai taɓa karɓar komai a hannunta ba. Amma fa sai ya haɗa da faɗa. "Ke tsohuwa, tulun ga yaushe rabonsa da wanki? So kike ki kashe kanki a ce ruwana ne?" Ita kuma ta ce, "Zuba ka wuce, sarkin baƙar magana." Haka suka yi ta yi har ta riga shi. Ranar da ta rasu ya yini bai yi wa kowa faɗa ba, mu duka muka tsorata.

Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane abin da ruwan sama yake a wurinmu ba. Sai a shekara ba a ga ɗigo ba. In kuwa ya zo, duwatsun nan ba sa sha, sai su turo shi gaba ɗaya cikin kwari. Shi ne sailu. Ya ratso gari ya gangaro ta Misfala, don mu ne a ƙasa, ya wuce can wajen lambuna inda gidaje suka ƙare. A can kwarin yana da faɗi, ruwan sai ya rage gudu, ya yi kwanaki yana tafiya a hankali, ya taru a wani lungu mai yashi ya kwanta garau. Wannan lungu shi ne kogin talakawan unguwarmu. Mata su kwaso wankin da ya taru, masu awaki su shayar, maza su yi wankan da ba na awo da moɗa ba, samari su yi ta tsalle-tsalle.

Kawu ne sarkin wurin ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Dokarsa ɗaya ce: ba mai shiga sai ya ce a shiga. Ranar farko ruwan ja ne, yana ɗauke da katako da mushen jakuna da duk ƙazantar gari. Sai ya je ya tsuguna a baki, ya sa hannu, ya sansana, ya dawo ya ce tukuna. Ran da ya ce "ya kwanta", shi zai fara shiga, saura su biyo baya. A duk shekarun da ya yi yana wannan, ruwa bai ci ɗan kowa ba a wurin.

Samari suna liƙe bakin gwangwanayen kananzir da kwalta, su ɗaure biyu da igiya, su kwanta a tsakani. Kawu ya raina wannan ƙwarai. Shi gora yake so, babban goran masunta wanda mutum ke kifa cikinsa a kai ya yi ta tafiya. Duk alhajin da ya ji daga wajen Yawuri yake, sai ya bi shi da saƙo. Aka daɗe, har muka ɗauka zancen ya bi iska, sai ga wani dattijo ya iso da shi a ka, ya ratso Sudan da teku da shi, ko tsaguwa babu. Kawu ya rungume goran nan kamar an kawo masa jariri. Ya rataye shi a saman shimfiɗarsa, yana shafa masa mai, ba mai taɓawa.

Ka ga Kawu a kan gora, ka ga wani mutum. Tsohon da ke tafiya a karkace saboda sanda, sai ya miƙe sumul, hannu ɗaya yana tuƙi, yana waƙar garinsu da ba mu jin rabinta. Waɗannan 'yan kwanakin su ne rabonsa na duniya, sauran shekarar duk dako ce.

To, sai mai lambu.

Ɗan unguwarmu ne, uwarsa ƙosai take soyawa a bakin masallaci, Allah Ya ji ƙanta, mace ta gari. Ya fara da yi wa alhazai jagora da ɗaukar kaya, yana da wayo da zaƙin baki, bayan yaƙin Turawa da alhazai suka dawo da yawa sai abin ya karɓe shi. Ba na hassadar kowa, Allah ne Ya ba shi. Abin da na ƙi shi ne yadda Hausa ta fara yi masa nauyi a baki dare ɗaya. Mutumin da muka ci tuwo a akushi ɗaya, ka gaishe shi da "ina kwana" ya amsa maka da Larabci yana kallon gefe. Ya auri 'yar Kawu tun yana ɗan dako, lokacin da yake tsugunawa tun daga nesa in ya hango Kawu. Daga baya ya sayi lambun da ke gefen lungun nan namu, mai 'yan dabinai da ganye.

Shekarar da ya saya, sailu ya zo. Mata suka ɗora ƙunshin wanki a ka suka nufi lungu, sai suka tarar an tare hanyar da shingen ƙaya tun daga bangon lambu har bakin ruwa. Ga mai gadi da sanda. Inna tana gaba. Ta ce a kira mata mai wurin. Ya fito yana gyara mayafin kansa.

"Mamnu', ya hajja," in ji shi. Wato an hana.

Inna ta sauke kayanta. "Ni kake wa hajja? Ni da na yi maka wanka ranar sunanka? Buɗe mana hanya, yaro."

"Haggi ne, Inna, haƙƙina. Na saya. Kuna tattake mini shuka, awaki suna cin ganye."

"Hanyar ma ka saya?"

"Har tsakiyar kwari."

Ban ce babu gaskiya ko kaɗan a zancensa ba. Awaki sun ci ganye, samari ma sun taɓa tsinkar masa dabino. Da ya ce a gyara, da an gyara. Amma mutum ya rufe wa unguwa guda ruwa saboda 'yan ganyen da akuya ta figa? Tir.

Dattawa suka zauna da shi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Kawu bai je ba. A al'adarmu suruki da mijin 'yarsa ba sa zama su yi ka-ce-na-ce, ko haɗa ido ba sa yi, kuma mai lambu ya san da haka, da shi ya dogara. Ni na je. Wani dattijo ya tambaye shi ko ruwan sama ma yana cikin cinikin. Ya girgiza kai ya ce, "La, la. Ruwa na Allah ne, ban hana kowa ruwa ba. Amma ƙasar da ke bakinsa da wadda ke ƙarƙashinsa tawa ce. Wanda ya taka, ya shiga haƙƙina." Dattawan nan, da yawansu 'ya'yansu a ƙarƙashinsa suke cin abinci lokacin aikin hajji, sai suka hau tari da gyaran murya. Aka shafa fatiha aka watse. Manya ke nan!

Na kai wa Kawu labari yana gyaran igiyar sandarsa. Ya saurara har ƙarshe.

"Ya yarda ruwa ba nashi ba ne?"

"Da bakinsa ya faɗa, Kawu."

"To, ɗan tudu, sauko min da gora."

Washegari da hantsi ya tafi can sama da lambun, inda hanyar raƙuma ke ratsa kwari, wurin da ba na kowa ba. Ya tuɓe ya rage ɗan wando iya gwiwa, ya kifa cikinsa a gora, ya bar ruwa ya tafi da shi. Mu muna binsa ta ɗaya gefen a kan duwatsu. Ya wuce shingen, ya shiga lungu, ya yi ta kewayawa yana waƙa, ƙafafunsa a sama don kowa ya shaida bai taɓa ƙasa ba.

Mai gadi ya ruga ya kira maigidansa. Mai lambu ya fito a fusace yana ɗaga hannu, bakinsa cike da Larabci, sai ya ga ko wane ne. Uban matarsa, tsirara rabi, yana yawo a gabansa. Wayyo, da ka ga fuskar! Duk Larabcin ya gudu. Jikinsa ya tuna abin da bakinsa ya manta: ya tsuguna a cikin taɓo da farar rigarsa, ya sunkuyar da kai.

"Barka da hantsi, Baba," ya ce, da Hausa tsantsa.

Kawu bai dube shi ba. Ya amsa wa iska, "Lafiya lau. A gaida mutan gida." Ya ƙara zagaye ɗaya a hankali, mai lambu na tsugune ba damar tashi.

Muka yi dariya har muka riƙe ciki. Kafin azahar samari sun biyo da gwangwanayensu, ruwan ya cika da kawuna. Duk sanda mai lambu ya leƙo zai yi tsawa, sai ya tarar Kawu na tsakiya, ya koma ciki. Samarin suka riƙa janyo salkuna cike da ruwa mai kyau suna kai wa mata can sama. Unguwa ta ɗauka an ci nasara, ana ta yi wa Kawu kirari. Shi kuwa ya ja tsaki. Ya ce, "Mi aka ci? Ƙanwata ta yi wanki a lungu? Tsofaffi sun sa ƙafa a ruwa? In ba mai iyo ba ne kai, har yanzu a waje kake." Gaskiyarsa, matan a kan duwatsu masu santsi suka yi wankin shekarar, inda ruwan ke gudu da laka.

Haka aka yi sailu biyu ko uku. Shinge na nan, Kawu na nan. 'Yarsa tana tsakani, sai rama take yi.

Sai sailun bara. Kawu ya tsufa sosai, ya ma ajiye sanda, Inna ta roƙe shi ya bari. Ya ce in bai shiga ba wa zai gaya wa yara ya kwanta? Ya shiga gaba kamar kullum, samari na jira a baya sai ya ba da izini. Daidai inda ruwa ke shiga gefen lambu, muka ga goran ya tsaya cak, ya juya, Kawu ya nutse ya taso. Bai yi ihun ciwo ba. Abin da ya ƙwala shi ne, "Kar kowa ya biyo! Ku koma!"

Rassan ƙaya ne aka jera a ƙarƙashin ruwa daga wannan gefe zuwa wancan, aka haɗa da tsohuwar waya, aka ɗaure da duwatsu don kada su taso a gani. Da muka ciro shi, ƙafarsa ta dama a tsage take daga gwiwa zuwa idon sawu. Goran ya fashe gida biyu. Da samarin ne suka fara shiga a guje yadda suka saba, Allah kaɗai Ya san gawa nawa za a kwasa.

Mai lambu ya aiko cewa sailu ne ya kawo ƙayar. Sailu! Sailun da ya iya ƙulla igiya, ya zaɓi duwatsu daidai wa daida. Mutum ya kasa duban surukinsa a ido ya ce masa bari, sai ya sa a dasa masa ƙaya a inda ba ya gani. Wai shi mai kunya.

Ciwon bai warke ba. Aka yi na gida, aka yi na asibiti, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Ya yi watanni a kwance, 'yarsa tana zuwa kullum tana wanke masa, tana kuka a ɓoye. Bai taɓa ce mata komai game da mijinta ba, ko sau ɗaya. Ni yake wa faɗa, wai ban iya juya mara lafiya ba, hannuna kamar na mai dakan sakwara. Wata rana na ce masa mu kai ƙara. Ya ce, "In kai mijin ɗiyata gaban alƙali, ita ta kwana ina?" Daga nan ban sake tayar da zancen ba.

Da jikin ya yi tsanani, mutane suka fara shigowa neman yafiya, yadda aka saba yi wa wanda ake ganin ya kusa. Kawu yana yafewa yana haɗawa da baƙar magana, kowa ya fita yana dariya da hawaye. Mai lambu bai zo ba sai da matarsa ta ce masa in ubanta ya mutu bai je ba, kada ya sake tsammanin ganin haƙoranta. Ya zo da safe, ni da Inna muna ɗakin. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya cire takalmi, kansa a ƙasa.

"Baba, na zo ne... in akwai abin da na yi, a yafe mini."

In akwai! Na yunƙura zan yi magana, Inna ta danne mini hannu.

Kawu ya juyo da kansa. Tun da aka ɗaura auren 'yarsa ban taɓa ganin ya dubi mutumin nan ido cikin ido ba sai ranar. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ƙafata tawa ce," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na yafe maka ita, duniya da lahira. Goran ma na yafe."

Mai lambu ya sauke ajiyar zuciya, ya fara "Allah Ya saka", yana shirin miƙewa.

"Zauna, ban ƙare ba. Ruwan ga ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi. Na matan da suka yi wanki kan duwatsu ne, da tsofaffin da suka mutu ba su ƙara sa ƙafa ciki ba, da yaran da ka so ka yanka. Ka bi su gida-gida ka roƙa. Ka fara da ƙanwata, ga ta nan zaune."

 Mai lambu ya ɗago ya dubi Inna, Inna ta dube shi, tana jira.  Sai ya laluba takalmansa, ya ce yana da baƙi a gida, ya fita.

Kawu ya rufe ido. "Ɗan tudu," ya ce, ban san ko da ni yake ko da shi ba, "ba ni ruwa in sha."

Allah Ya ji ƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya shayar da shi daga ƙoramun da ba mai shinge su. Shingen lambu yana nan, an ma ƙara masa tsawo. Mai lambu kuwa har yau bai taka ƙofar kowa ba. Inna ta tsufa, ba ta fita ko'ina, kullum da hantsi tana sa a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa. Ta ce yayanta ya ce a fara da ita, ba za ta so a zo a tarar ba ta nan ba.